Yadda Laure Mai Kifi Ta Koyi Cin Shinkafa da Italiyanci

Duk wanda ya san Laure mai kifi a Argungu ya san ba a taɓa kai ta ƙasa ba. Sai wata Talata da hantsi, yarinya 'yar shekara biyar, wadda ba ta kai nauyin giwan ruwa guda ba, ta kai ta. Kuma ba ƙasa kawai ba, cikin bahon wankin kifi: ɗuwawu a ruwa, ƙafafu a sama, ɗankwali ya yi gabas, zani yana neman yin yamma, matan unguwa sun fi goma suna kallo.

Ga yadda abin ya faru. Yarinyar jikarta ce, sunanta Kausar, ɗiyar Sirajo ɗanta na fari da ke tuƙin babbar mota a ƙasar Italiya. Can aka haife ta. Uwarta Sumayya ta rasu tana da shekara biyu, sai wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarsu ta riƙe ta, har tsufa ya ci ƙarfin tsohuwar aka kai ta gidan da suke tara tsofaffi. Shi ne uban ya ɗauko ta ya kawo gida. Hausa kuwa ba ta jin ko "zo in kashe ki".

Kwana uku da saukarsu, babu wanda ya iya sa mata loma a baki. An kawo tuwon shinkafa ta kau da kai. An kawo fura ta toshe hanci. Daga hannun ubanta kaɗai take karɓar biskit da 'yar taliya, ita ma kamar ana ba ta magani. Laure ta ce ba a haifi yaron da zai rame a gidanta ba. Ta bari Sirajo ya fita, ta sa aka dama kunu, ta kwantar da yarinyar a cinya, ta danne mata ƙafafu da tata ƙafar, ta tara tafin hannu a bakinta, ta matse mata hanci. Ɗure ke nan, yadda ta yi wa 'ya'yanta bakwai. Abin da ta manta shi ne, waɗancan jarirai ne masu dasashi. Wannan haƙoranta ashirin cif.

Kunu ya bi ta inda ba hanyarsa ba. Yarinya ta shaƙe, idanu suka juye, jiki ya sandare. Da numfashi ya dawo mata sai ta kafa haƙora a gindin babban yatsan Laure, ta riƙe kamar tarko, har aka ji ƙas. Laure ta kurma ihu ta saki, yarinya ta haɗa ƙafa biyu ta zuba mata a ƙirji. Sauran labarin yana cikin baho.

Babu wadda ta yi dariya a wurin, don kowa yana son haƙoransa. Sai da kowace ta koma gidanta ta ja ƙyaure, sannan aka ji unguwa ta ɗauka.

Dole a ji tsoronta. Laure 'yar masunta ce, a Augie aka haife ta, aure ya kawo ta Argungu. Mijin ya rasu ya bar ta da yara bakwai da kaskon suya guda. Shekara talatin da wani abu tana zaune bakin kasuwa tana suyar tarwaɗa da karfasa, hannunta na dama duk tabon mai ne har gwiwa. Ita ce ta bi direban da ya take mata tire har tasha, ta jawo shi ta tagar mota ta kwance masa kafaɗa. Ita ce ta kama ɓarawon akuya ta zauna a kansa tun daga Azahar har La'asar, tana ci gaba da ciniki. Makaminta matsami ne, babban cokalin nan mai huji da ake tsame kifi daga mai. Akwai maza uku a garin da ke yawo da zanen hujinsa a goshi.

Amma fa duk wannan rashin mutuncin, wajen kunya irin ta mutanen da, Laure ba ta da na biyu. Ba ta taɓa kiran sunan Sirajo ba tun da ta haife shi, sai dai ta ce "wancan". Ba ta zama da shi tabarma guda. Kuma shekara talatin tana sayar da abinci, babu namijin da zai rantse ya taɓa ganin ta kai loma baki. In yunwa ta matsa mata, sai ta juya wa duniya baya ta rufa da gyale.

Ranar da ta fito daga baho, ta ɗaure yatsa da tsumma ta leƙa ɗaki. Kausar tana ƙarƙashin gado, ta yi amai a jikinta, tana karkarwa kamar kazar da aka tsamo daga rijiya. Da ta ga ƙafafun Laure sai ta rufe kai da hannu biyu. Laure ta daɗe a tsaye. Mutane da yawa sun rufe kai da suka gan ta, bai taɓa damunta ba sai ranar.

Washegari dangin uwar suka zo daga Birnin Kebbi. Hajiya Balaraba, kakar yarinyar ta wajen uwa, matar Malam Muhammad Sani na unguwar Gesse, ta shigo da ƙamshin turare tana ɗage zani kada ya taɓa ruwan kifi. Ta ce sun ji labari, za su tafi da ɗiyarsu inda ake renon mutane ba awaki ba. Matsami yana kusa, amma Laure ba ta ko dube shi ba.

Kafin su tafi Sirajo ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Inna, Asabar ta sama zan koma. Ni ba zama zan yi ba. Duk wanda tac ci abinci a hannunai, nan zan bar ta. In ba ta ci ba, dole in koma da ita."

"Ka koma da ita wurin wa?" in ji Laure, tana kallon bango.

"Ni kullum ina bisa hanya. Hukuma za ta amshe ta, ta ba wasu su riƙa. Ba lalle mu sake ganinta ba."

Aka sa yarinya a motar su Hajiya.

Kwana ɗaya ta yi tana tunani. Ta ga cewa tun da yarinyar ta zo, kowa ihu yake mata da yaren da ba ta sani ba. Ko akuya ce sai ka san kiranta take zuwa. To wa zai koya mata kiran? Wancan ya iya, amma a kashe ta da ta zauna gaban ɗan fari yana ce mata "maimaita". Sai aka ba ta labarin Abdussamadu mai gyaran injin ban ruwa a Birnin Kebbi, wanda ya yi shekara tara yana tsinkar tumatir a Italiya kafin a ɗaure shi a jirgi a dawo da shi.

Ranar Alhamis, karo na farko a tarihi, kaskon Laure bai hau wuta ba. Ta shiga motar Birnin Kebbi, ta same shi a rumfarsa, baƙin mai har kunne, manoman Zauro sun kewaye shi kowa da mataccen injinsa.

"Kai ne Bature?"

"Ni ne, Goggo. Mi ya lalace?"

"Ba inji na kawo ba. Yaren mutanen can nika so. Ba duka ba, na abinci kaɗai. Kwana bakwai gare ni."

Abdussamadu ya dube ta, ya dubi yatsan da ke naɗe, ya ji labari. Shi ma ya bar ɗa a can wanda bai ƙara gani ba, don haka bai yi dariya ba. Ya share hannu ya ce magana guda zai koya mata, in ta riƙe ta, sauran duk daga jikinta suke fita.

"Ce: La nonna manja il rizo kon il peshe. Kaka tana cin shinkafa da kihi. Nonna ke ce. Manja shi ne ci, ba na miya ba. Rizo shinkafa, peshe kihi."

Laure ta faɗa. Abin da ya fito daga bakinta ko a Italiya ko a Kabi babu mai shi. Wani dogon manomi da ke zaune kan buhu ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Jama'a ku taho ku gani! Tsohuwa za ta Turai neman miji!"

Bai rufe baki ba. Laure ta zari guntun tiyo daga ƙasa ta shimfiɗa masa a gadon baya. Ya miƙe ta ƙara masa a ƙwauri, ya yi tsalle ya faɗa kan injinsa, ta bi shi da na uku a wuya. Sai da mutum huɗu suka riƙe ta. Daga ranar, in ta zo darasi, manoman Zauro sukan tuna suna da sauran aiki a fadama.

Karatu dai ya yi wuya. Da Abdussamadu ya ce mata a can shinkafa namiji ce, shi ya sa ake sa mata "il", sai ta miƙe tsaye.

"Shinkafa? Namiji? Ni na shuka ta, na sheƙe ta, na dafa ta shekara hamsin. Mace ce!"

"Goggo, ba ni na yi yaren ba."

"To wanda ya yi shi bai taɓa shiga madafa ba."

Darasi na biyu ya fi ba ta haushi. Ya ce kalmar ci ba ta tsayawa wuri ɗaya, wutsiyarta tana sauyawa gwargwadon mai cin. In ni ne, manjo. In ke ce, manji. In ita ce, manja. In mu ne gaba ɗaya, manjamo. Laure ta ce wannan ba yare ba ne, ƙadangare ne. Rana ta biyu ya ɗauko sanda yana buga benci kamar malamin allo, in ta yi kuskure ya ɗaga murya. Ta karɓe sandar, ta karya a gwiwa, ta miƙa masa biyu.

A gida ta samo dabararta. Takan jera kifi a kan katako da yamma, ta ɗaga wuƙa. Manjo, kai ya fita. Manji, ciki ya tsage. Manja, wutsiya ta tashi. Manjamo, ta watsa a baho. Maƙwabta suna jin sara da baƙon yare ta kan katanga, har aka fara cewa cizon nan ya taɓa mata kai. Ba a dai faɗa kusa da ita ba.

Ranar darasin ƙarshe Abdussamadu ya saurare ta daga farko har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Ya yi, Goggo. Amma in gaya miki gaskiya, magana kaɗai ba ta sa ta ci. Can ba a aje wa yaro kwano a lungu mutum goma su tsaya kansa suna jira. Tare aka zama, babba da yaro, maza da mata, kwano yana tsakiya. Tsohuwar da tar rene ta, na tabbata ita ka fara kai loma ta gani. Sai kin ci gabanta."

"Wannan mai sauƙi ne. In ja ta ɗaki mu biyu."

"Allah shi sa ki samu ɗakin."

Juma'a da safe ta dafa shinkafar fadama sabuwar sussuka, fara tas, ta soya ragon ruwa, ta zauna ta cire ƙayar ɗaya bayan ɗaya da ciwon yatsanta. Ta zuba a kwanon sha mai murfi, ta ɗaure da ɗankwali, ta soke matsami a ƙugu saboda sabo. Ta isa Gesse wajen ƙarfe sha ɗaya.

Ƙofar gidan Malam cike da takalma. 'Yan'uwa da abokan arziki sun zo sallama da Sirajo, suna zaure ana ta addu'a. Laure ta ja gyale ta rufe fuska, ta bi ta ƙaramar ƙofa. Tun daga nan ta ji sautin. Ta san shi, don ita ta fara jawo shi: kukan yaron da ruwa ya tare wa maƙogwaro.

Hajiya Balaraba ma ba ta son a tafi da jikarta. Kwana tara ta gwada madara, ta gwada rubutu, ta gwada lallashi, yarinya sai ƙara zama ƙashi take. Da ta ga saura kwana ɗaya, sai ta aika aka kira Ruƙayyatu, wata ƙatuwar mata da ta yi suna wajen ɗure a unguwar, wadda damtsenta ya kai cinyar wani. Ga ta nan tsakar gida zaune kan turmi, ta matse Kausar tsakanin cinyoyi, mata biyu sun riƙe hannuwa. Ita ta ji labarin cizo, don haka ta sa muciya ta tokare haƙoran. Leɓen yarinyar ya fashe, kunu da jini suna gangara ta kunne, ƙafafun sun daina ma shure-shure.

Laure ta ajiye kwanonta a gindin bango a hankali, ta gyara masa zama.

Matsami ya sauka a goshin Ruƙayyatu da ƙarar da aka ji har zaure. Matan biyu suka watse. Yarinya ta zube ƙasa, ta ja jiki ta shige bayan tankin ruwa. Ruƙayyatu ta shafa goshi ta ga jini, ta miƙe kamar bauna, ta ɗauki muciyar nan ta kai wa Laure a baki. Haƙori biyu suka fita. Laure ta tofar da su, ta sunkuya ta rungumo ƙafafun matar, suka tafi ƙasa tare a kan kwanon kunu. Aka yi ta birgima. Ruƙayyatu ta samu gashi ta tumɓuke kitso guda da fatarsa. Laure ta samu kunne ta murɗe har ya tsage. Hajiya Balaraba ta shigo raba faɗa da carbi a hannu, wata gwiwar hannu da har yau ba a san mai ita ba ta same ta a ido, ta zauna daɓas cikin kwata. Daga ƙarshe Laure ta hau ruwan cikin Ruƙayyatu, ta cika tafin hannu da kunun da ya zube haɗe da ƙasa, ta matse mata hanci.

"Sha! Sha ki ji in da daɗi, 'yar banza! Ni ma na yi, na san abin da nika faɗi!"

Haka maza suka same su. Malam Muhammad Sani a gaba da rawaninsa, Sirajo a bayansa, sai mutum wajen ashirin. Da ƙyar aka ɓamɓare ta. Ruƙayyatu ta fita da rarrafe tana tari.

Tsakar gida ta yi tsit, sai shesshekar da ke fitowa daga bayan tanki. Sirajo ya je ya durƙusa yana kira da Italiyanci, yarinya ta ƙara matsewa cikin lungu. Ko shi ta daina yarda da shi. Ya miƙe idonsa jajir.

"Shi ke nan. Ku haɗa mata kayanta."

Laure ta duba hagu ta duba dama. Babu ɗakin da za ta ja kowa. Yarinya ba za ta fito ba, maza kuma ba su da niyyar tafiya. Ga surukinta Malam, wanda shekara takwas ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba. Ga wancan. Ga baƙi ashirin da idanu arba'in. Ta ji da ma a sake fasa mata baki da abin da za ta yi.

Ta ɗauko kwanonta, ta je gaban tanki ta zauna a ƙasa dirshan, ta miƙe ƙafa. Babu gyale, babu ɗankwali, kai rabi a tsefe, jini har haɓa. Ta buɗe murfi, tururi ya tashi. Ta wanke hannu a bakin famfo, ta cika shi da shinkafa da tsokar kifi.

"La nonna," ta ce, ta bugi ƙirjinta. Iska tana fita ta gurbin haƙoran. "La nonna manja il rizo kon il peshe."

Ta kai baki. Gishiri ya shiga ciwon, hawaye ya zubo mata, ta tauna da gefe guda ta haɗiye. Wani daga cikin baƙi ya ce subhanallahi. Malam ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Sirajo ya juya baya, don shi ma bai taɓa gani ba.

Shessheka ta tsaya.

"Manjo," in ji Laure, ta ƙara loma. Ba ta dubi lungun ba, ba ta miƙa hannu ba, cin abincinta kawai take kamar ita kaɗai ce a duniya. Ta ci ta uku, ta ci ta huɗu. Sai ga ɗan yatsan ƙafa ya leƙo. Sai ga ido guda. Yarinyar ta daɗe tana kallon bakin nan da ya fashe kamar nata, ta dubi ƙofar da Ruƙayyatu ta fita, ta sake duban tsohuwar.

Laure ta tura kwanon tsakiya da yatsa ɗaya.

"Manjamo, ƙawata?"

Kausar ta fito da gwiwa. Ta zauna nesa kaɗan, ta miƙa hannu ta tsinci ƙwaya uku ta sa a baki. Ta jira ta ga ko za a danne ta. Ba wanda ya motsa, don Laure ta ɗora matsami a cinya tana bin taron da ido. Yarinya ta matso, ta cika hannu.

Sai da kwano ya yi rabi Malam ya yi gyaran murya ya dubi Sirajo.

"Kai ka yanke sharaɗi, kuma ga shi mun gani. A kai mata kayanta Argungu. Mu muna zuwa dubiya."

Hajiya Balaraba tana jingine da bango, ido ɗaya a kumbure kamar ƙwan agwagwa. Daɗi da haushi suka haɗe mata, haushi ya yi rinjaye.

"Amma dai Laure an yi tsohuwar banza. Ki daki mutane cikin gidan Malam, sannan ki baje gaban surukai kina cusa abinci kamar kura? Ina kunyarki ta tahi?"

Laure ta haɗiye, ta suɗe yatsa, ta tura wa jikarta sauran kifin.

"Hajiya, ke da ke da kunya, kwana tara kina dafa mata ita, ko loma ba ta ci ba. Rashin kunyata kuwa ga shi tana neman ƙari. Tashi ki ɗora muna wata tukunya."